Bireka, konbata ko kashe komai: zaɓen hanyar kawar da shot a layukan HVDC

Injiniyan da ya saba da layukan AC, masu wuta mai kai-komo, ya san cewa idan shot ya afku, wato waya ta taɓa wata ko ta taɓa ƙasa, rile, wato na'urar gano matsala, yana da sarari. Zai auna, ya tantance, ya ba da umarni, bireka, babban makunnin da ke yanke wutar, ta buɗe bayan zagaye biyu ko uku, wato milisakan 40 zuwa 60 a tsarin 50 Hz, kuma babu abin da zai ƙone. Wutar ce da kanta ke taimaka wa birekar, domin sau 100 a cikin kowane sakan kwararar takan sauko sifili, a nan ne harshen wutar da ke tsakanin bakunan bireka yake mutuwa. Layin DC, mai wutar da ke bin fuska ɗaya, ba ya yin wannan rangwame. Kwararar ba ta saukowa sifili, kuma babu wani abin kirki da ke rage mata gudun hawa sai koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, da ke kan hanyarta.

Lissafin mai sauƙi ne. Gudun hawan kwarara shi ne boltej a raba da ƙarfin koyil. Layi mai kilobolt 500 da riyakta, wato babban koyil, mai milihenri 150 a bakinsa zai ga kwarara tana ƙaruwa da kusan amfiya 3,300 a kowane milisakan idan shot ɗin a ƙofar tasha yake. Layin da ke ɗauke da amfiya 3,000 zai haura 20,000 kafin milisakan shida ya cika. Duk zancen kariya a tsarin HVDC, wato DC mai babban boltej, a kan waɗannan 'yan milisakan yake.

Kafin a shiga kwatance, a ware tsohon tsari gefe. Tashoshin LCC masu aiki da tairista, makunnin lantarki da ake kunnawa da umarni amma ba a iya kashe shi da umarni, irin na Cahora Bassa da ke kai wuta daga Mozambik zuwa Afirka ta Kudu a kan kilobolt 533, ko Inga zuwa Kolwezi a Kwango, ko layin Habasha zuwa Kenya mai megawat 2,000, ba su da wannan ciwon kai sosai. Idan tsawa ta faɗa wa layin, na'urar sarrafawa takan jinkirta kunna tairistocin tashar da ke turo wuta har ta koma tana zuƙe abin da ke cikin layin. Kwarara ta mutu, a jira kamar milisakan 200 iskar da ta ƙone ta washe, a sake tayarwa. Idan ya ƙi, a sake gwadawa da jira mai tsawo, daga ƙarshe a gwada da ragaggen boltej. Babu bireka a cikin wannan aiki. Matsalar ta taso ne da zuwan konbatocin VSC, na'urorin juya AC zuwa DC da DC zuwa AC masu makunnan da ake iya kashewa da umarni, musamman samfurin MMC mai jerin ƙananan akwatuna, da aka fara amfani da shi a Trans Bay Cable a San Faransisko a 2010, kuma ta yi tsanani da aka fara haɗa tashoshi uku, huɗu, biyar a kan wayoyin DC guda.

Abin da ke faruwa a cikin konbata

Yawancin konbatocin MMC da ke aiki a yau da ƙananan akwatuna masu rabin gada aka gina su. Kowane akwati yana da kapasita ɗaya mai tara wuta da IGBT biyu, wato makunnan lantarki masu kunnuwa da kashewa da umarni, kowane IGBT da dayod a jikinsa mai barin kwarara ta wuce ta fuska ɗaya kawai, kuma ana jera ɗaruruwansu a kowane hannu na konbatar. Da shot ya afku, kapasitocin da ke cikin layi a wannan lokacin sukan zuba abin da suka tara cikin wurin shot ɗin. Wannan shi ne hawan farko mai tsananin sauri. Da kwarara a hannun konbata ta kusanci ninki biyu na abin da aka gina IGBT ya ɗauka, konbatar takan toshe kanta, ta kashe dukkan IGBT ɗin don kada su ƙone. To amma dayod ba ya karɓar umarni. Daga nan konbatar ta zama gadar dayod tsagwaronta, layin AC yana ta ɗura wuta cikin shot ɗin babu mai tsayar da shi. Shi ya sa ake saka tairista a gefen kowane akwati, ta karɓi kaso mai yawa na wannan kwarara don dayod ya tsira har a yanke.

Hanyoyi uku ake da su na kashe wannan wuta. A yanke ta daga ɓangaren AC, ko a yanke ta da birekar DC a bakin layin da ya lalace, ko a gina konbatar da za ta iya danne ta da kanta.

Hanya ta farko: birekar AC

Ita ce mafi arha, kuma kusan duk layin VSC mai tasha biyu da ita yake aiki. Konbatoci su toshe kansu, birekokin AC na dukkan tashoshi su buɗe, a jira ragowar kwararar da ke zagayawa ta cikin dayod da riyaktoci ta mutu. Wannan jira ne mutane ke mantawa da shi. Da yake juriyar wayar kaɗan ce, koyil kuma babba, ragowar tana iya ɗaukar ɗaruruwan milisakan kafin ta sauko inda makunnin DC na gama-gari zai iya buɗewa. Bayan an ware layin da ya lalace sai a rufe birekokin AC, a sake cika kapasitoci, a saki konbatoci, a ɗaga wuta a hankali. Duka aikin yakan kai sakan ɗaya ko fiye. Idan kuma a ɗaya ƙarshen akwai gonar injinan iska a cikin teku, wadda konbatar ce ke kafa mata boltej da mita, wato yawan zagayen wuta a sakan, injinan sukan fita gaba ɗaya, dawo da su kuwa aikin mintuna ne.

Akwai dabarar gano layin da ya lalace ko da babu sadarwa tsakanin tashoshi. Kowace tasha takan buɗe makunnin layin da kwarara mafi yawa ta fita ta cikinsa lokacin shot. Layin da ke da matsalar ne kaɗai za a buɗe ta ƙarshensa biyu, tun da daga ko'ina wuta cikinsa take kwarara. Lafiyayyen layi, in ma an buɗe shi, ta gefe ɗaya ne, kuma da boltej ya dawo ta ɗaya gefen sai a rufe shi.

Tsarin Caithness, Moray da Shetland a Sikotland, mai tashoshi uku a kan kilobolt 320, wanda ya cika a 2024, ba shi da birekar DC. An iya yin haka ne saboda kebul ne ba layin sama ba, shot ba ya yawan afkuwa, kuma abin da za a rasa idan duka ya fita bai wuce abin da babban layin Biritaniya zai iya jurewa ba. A nan ne ma'aunin wannan hanya yake. Kowane babban layin AC yana da iyakar wutar da zai iya rasawa farat ɗaya ba tare da mitarsa ta faɗi ƙasa da ƙima ba. A tsakiyar Turai megawat 3,000 ne, a Biritaniya 1,800. Muddin jimillar abin da tsarin DC ke shigarwa bai kai wannan iyaka ba, birekar AC ta wadatar, kuma sayen birekar DC ɓarnar kuɗi ne. Da ya haura, hanyar ta rufe, komai arharta.

Iyakar ta kowace ƙasa ce, ba a aro ta. Najeriya da Nijar ba su da layin HVDC a yau, wayoyinsu na kilobolt 330 da 132 duk AC ne. Amma layin ƙasa da duk abin da yake rabawa bai wuce 'yan dubban megawat ba, ba zai jure rasa abin da Turai ke jurewa ba, don haka a wuri irin wannan ko tsarin DC matsakaici zai fi saurin cin karo da iyakar.

Hanya ta biyu: birekar DC

Manufar ita ce a yi abin da aka saba yi a AC, a cire layin da ya lalace shi kaɗai, sauran su ci gaba da aiki, kuma a gama kafin konbatoci su kai ga toshe kansu. Misalin da ya fi kowane cika shi ne Zhangbei a arewacin Sin, wanda ya fara aiki a 2020: tashoshi huɗu a zobe, kilobolt 500, layukan sama na kimanin kilomita 666, konbatoci masu rabin gada, birekokin DC guda 16. An tsara rile ya yanke hukunci cikin milisakan 3, bireka ta yanke amfiya har 25,000 cikin wasu milisakan 3.

Kowace birekar DC aiki biyu take yi. Ta tilasta wa kwarara barin hanyarta, sannan ta kafa boltej mai adawa wanda ya fi na layin, yawanci ninki ɗaya da rabi, don kwararar ta sauko. Arestoci ne, tulin fayafayan zinc oxide, ke kafa wannan boltej, su ne kuma ke shanye makamashin su mai da shi zafi. Nan ma lissafi yana da amfani. Riyakta mai milihenri 150 da amfiya 25,000 a cikinta tana riƙe da kusan megajul 47. Amma aresta ba wannan kaɗai take sha ba, domin tasha tana ci gaba da turo wuta duk tsawon lokacin saukowar. Idan aresta tana kan kilobolt 750, layi yana kan 500, bambancin 250 ne kawai ke aikin ragewa, saukowar za ta ɗauki milisakan 15, aresta kuma ta sha ninki uku, wajen megajul 140. Wanda ya sayi aresta da lissafin farko zai ga ta fashe a gwajin farko.

Samfuri uku ne a kasuwa. Mai IGBT zalla ita ce mafi sauri, takan yanke cikin 'yan maikurosakan, amma kullum kwarara ta cikin ɗaruruwan IGBT take bi, asarar wuta da buƙatar sanyaya sun yi yawa. A manyan layuka ba a amfani da ita, don haka gasar tsakanin sauran biyun take.

Birekar haɗaka, wadda kamfanin ABB ya sanar da ita a 2012, rassa uku gare ta. A lokacin lafiya kwarara tana bin reshe mai ƙaramin makunnin IGBT 'yan ƙwarori kaɗan da wani makunnin ƙarfe mai tsananin sauri. Da umarni ya zo, ƙaramin makunnin ya kashe, kwarara ta karkata zuwa babban reshe mai ɗaruruwan IGBT. Makunnin ƙarfen ya buɗe ba tare da wuta a cikinsa ba, abin da ke cin kimanin milisakan 2, kuma shi ne ke cinye mafi yawan lokacin. Da bakunansa sun yi nisan da zai jure boltej, babban reshen ya kashe, kwarara ta faɗa cikin aresta. A ƙarshe wani makunni na gama-gari ya yanke ɗan abin da ke tsiyaya ta cikin arestar don kada ta ci gaba da zafi. Tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Ana iya fara karkatar da kwarara da zarar an yi zargin shot, tun rile bai tabbatar ba, idan kuma zargin ƙarya ne a mayar da ita ba tare da an yanke komai ba. Wannan kan ceto milisakan ɗaya ko biyu, wato dubban amfiya. Aibinta tsada da girma. Babban reshen kusan hannun konbata ne guda, yana buƙatar zaure nasa, ƙaramin makunnin yana buƙatar sanyaya dare da rana, kuma dole a kai wa kowane IGBT wutar sarrafawa alhali yana zaune a kan ɗaruruwan kilobolt. A kan dandamalin teku, inda kowane murabba'in mita da kowane tan kuɗi ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. An saka irinta a Sin, a tsarin Zhoushan mai tashoshi biyar a kan kilobolt 200 a 2016.

Birekar ƙarfe mai allurar kwarara da kwalaben bakyum, waɗanda aka zuƙe iskar cikinsu, take aiki. Kwalbar ta buɗe, harshen wuta ya tashi a ciki, sai a saki wata kapasita da aka riga aka cika ta cikin ƙaramin koyil, ta harba kwarara mai kai-komo na dubban zagaye a sakan. Inda wannan ta yi daidai da kwararar shot ta fuskar adawa, sifili na ƙirƙira ya samu, harshen ya mutu, kapasitar ta cika har aresta ta karɓa. Asarar wuta kusan babu, ba ta buƙatar sanyaya, ta fi arha. An saka irinta a Nan'ao ta Sin a kan kilobolt 160 a 2017. Saurinta ya danganta da ƙira, daga kimanin milisakan 3 zuwa 8. Abin mamaki, ƙaramar kwarara ta fi ba ta wahala. An auna allurar ne don babbar kwarara, to idan wadda za a yanke kaɗan ce, sifilin yakan zo da gudun da ya fi ƙarfin kwalbar, harshen ya sake kamawa, sai a sifili na biyu ko na uku ta yanke. Sannan kwalba ɗaya ba ta ɗaukar kilobolt 500, sai an jera da yawa, kuma dole su buɗe tare, boltej ya rabu a kansu daidai. Wadda ta makara ko ta ɗauki fiye da rabonta ita ce za ta fara sarewa. Ga kuma zancen sake rufewa: idan ana son bireka ta yanke sau biyu a jere, sai an tanadi kapasita ta biyu ko hanyar cika ta farko cikin gaggawa.

A takaice tsakanin biyun, inda kowane milisakan ke da tsada kuma akwai fili, haɗaka ta fi. Inda za a iya ƙara girman riyakta a sayi lokaci, ta ƙarfe takan fi sauƙin kuɗi da kulawa. Sai dai ƙara riyakta ba kyauta ba ne. Tana rage gudun hawa, amma tana ƙara makamashin da aresta za ta sha, tana sa sarrafa boltej ya yi nauyi, kuma tana iya haifar da lilo tsakanin tashoshi.

Abu biyu sukan kuɓuce wa mai tsarawa. Na farko, shot a ƙofar tasha ba lallai ne shi ne mafi muni ba. Idan ya afku da ɗan nisa, igiyar faɗuwar boltej takan taho ta bugi riyakta ta koma, boltej a bakin layin ya juye zuwa kishiyarsa na ɗan lokaci, riyaktar ta ga kusan ninki biyu a kanta, kwarara ta hau fiye da lissafin farko. Dole a gwada wurare da yawa a tsawon layin a na'urar kwaikwayo. Na biyu, idan bireka ta ƙi buɗewa, maƙwabtanta ne za su yanke, kuma kafin a gane ta ƙi, kwarara ta ƙara hawa na wasu milisakan. Girman bireka da wannan yanayi ake auna shi.

Hanya ta uku: konbata mai danne shot

Idan aka ba kowane akwati IGBT huɗu maimakon biyu, wato cikakkiyar gada, kapasitar tana iya shiga layi ta kowace fuska. Da an toshe konbatar, ko ta ina kwarara ta biyo sai ta ci karo da kapasitoci suna adawa da ita, jimillarsu kuma ta fi ƙololuwar boltej na AC, don haka ta mutu cikin 'yan milisakan. Mafi kyau ma, ba sai an toshe ba. Ana iya sauke boltej na DC zuwa sifili ko ɗan ƙasa da shi, a zuƙe abin da ke cikin layi, alhali konbatar tana ci gaba da tallafa wa boltej na ɓangaren AC. Haka kuma tana iya aiki da ragaggen boltej idan insuletoci sun yi datti, abin da mai rabin gada ba ta iyawa sai kaɗan. Wannan yana da muhimmanci a ƙasa mai ƙura, domin insuletan DC ya fi na AC jawo ƙura ya riƙe.

Kuɗin da ake biya kullum ne, ko an yi shot ko ba a yi ba. IGBT sun ninka, kuma kwarara tana ratsa biyu a kowane akwati maimakon ɗaya, asarar tasha ta ƙaru har ƙarshen rayuwarta. Shi ya sa ake gauraya. Layin Kun-Liu-Long a kudancin Sin, mai kilobolt 800 da tashoshi uku, wanda ya fara aiki a 2020, yana da tashar LCC mai megawat 8,000 a Yunnan da tashoshin MMC biyu masu 3,000 da 5,000, inda kimanin kashi 70 na akwatunan cikakkiyar gada ne. Layin sama ne na fiye da kilomita 1,400, tsawa ba ta rasa faɗa masa, kuma ana kawar da shot ba tare da birekar DC mai yanke babbar kwarara ba. Ultranet a Jamus, daga Osterath zuwa Philippsburg, shi ma cikakkiyar gada aka zaɓar masa, tun da wayoyinsa a kan turakun layin AC za su rataya.

Rauninta shi ne ba ta ware layi. Tana kashe wutar dukkan tsarin ne, sai makunnai masu sauri su buɗe layin da ya lalace, a sake tayar da sauran. Ta fi birekar AC sauri nesa ba kusa ba, amma na wannan ɗan lokaci layin AC ya rasa komai. Kuma duk tashar da za a ƙara nan gaba dole ta zama irinta. Konbata ɗaya mai rabin gada a cikin tsarin ta isa ta ci gaba da ciyar da shot ɗin.

Gano shot ɗin

Hanyar da aka zaɓa ita ke faɗin irin rile da ake buƙata. Mai birekar AC ko cikakkiyar gada yana da lokaci, auna hawan kwarara da faɗuwar boltej ya isa a fara aiki, tantance layin ya biyo baya. Mai birekar DC ba shi da wannan sarari, dole ya san wane layi ne cikin milisakan ɗaya zuwa uku.

Mafi sauri shi ne auna gudun canjin boltej a gefen layi na riyakta, ko boltej da ke kan riyaktar kanta. Shot a cikin layin yakan aiko da igiya mai kaifin goshi. Shot a layin maƙwabta kuwa sai igiyarsa ta ratsa riyaktoci kafin ta iso, su kuma sukan dushe kaifin. Riyakta ta zama iyakar yanki ke nan, rile ya tantance daga gefe ɗaya ba tare da jiran kowa ba. Wannan yana buƙatar ma'aunin boltej mai faɗin zango da ɗaukar samfur sau dubbai masu yawa a sakan, 50,000 zuwa 100,000 ko fiye. Inda yake sarewa uku ne. Shot mai babbar juriya a can ƙarshen layi, kamar harshen gobarar daji ko reshen itace, yakan aiko da igiya mai laushi da ta yi kama da ta waje. Dogon kebul yana dushe goshin igiya da kansa. Tsawar da ta bugi layi ba tare da ta haifar da shot ba tana aiko da kaifi irin na gaske, sai dai boltej yakan dawo nan take, don haka ake haɗa sharaɗi na biyu, a ga ya ci gaba da zama ƙasa kuma kwarara tana hawa. A tsari mai ɓari biyu, ɗaya sama da sifili ɗaya ƙasa, shot a ɓari ɗaya yakan jefa inuwarsa a kan lafiyayyen, sai an raba ma'aunin gida biyu, abin da ke tsakanin wayoyin da abin da ke tsakaninsu da ƙasa, kafin a san ɓarin da za a yanke.

Kariyar bambanci, wadda ke kwatanta abin da ya shiga layi da abin da ya fita, ba ta ruɗewa da juriya, amma sai saƙo ya zo daga ɗaya ƙarshen. Haske a cikin faiba yana cin kilomita 200 a milisakan. Layin kilomita 200 milisakan ɗaya ke nan, na 1,000 biyar, ban da jinkirin na'urorin sadarwa. Ga shi kuma layin kansa kapasita ne, duk lokacin da boltej ya motsa yakan sha ko ya zubar da kwarara da ke kama da bambanci, sai an cire ta da lissafi ko an jira ta lafa. Don haka a dogon layi matsayinta na baya ne, ta kama abin da na farko ya rasa, wato shot mai babbar juriya, wanda dama kwarararsa ba ta hawa da gudu. A sandar haɗin tasha kuwa, wadda layukan ke haɗuwa a kanta, inda babu nisa, ita ce ta gaba. Tsakanin biyun akwai kwatanta fuska, inda kowane ƙarshe ke aika kalma ɗaya kawai, gaba ko baya, ba ya buƙatar agogon gefen biyu su yi daidai sosai.

Gano wurin don gyara wani aiki ne daban. Ana rubuta lokacin isowar igiya a ƙarshen biyu da agogon GPS. A layin sama igiyar tana kusan gudun haske, don haka, da yake ana raba bambancin lokacin gida biyu, kuskuren maikurosakan ɗaya yana nufin nisan mita 150. A kebul gudun ya ragu zuwa ƙasa da kilomita 200 a milisakan, kuma dole a auna shi a kan kebul ɗin kansa lokacin ƙaddamarwa.

Yadda aka haɗa da ƙasa yana sauya komai

A tsari mai konbata ɗaya da wayoyi biyu, ɗaya sama da sifili ɗaya ƙasa, ba tare da ƙwaƙƙwaran haɗi da ƙasa ba, waya ɗaya ta taɓa ƙasa ba ta kawo babbar kwarara mai ɗorewa. Abin da take kawowa shi ne boltej na lafiyayyar wayar ya yi tsalle zuwa kusan ninki biyu. A nan aresta da na'urar daidaita wayoyin biyu ne abin dubawa, kuma ko an yanke layin da bireka sai an sauke wannan rashin daidaito kafin a ci gaba. A tsari mai konbata biyu da tsakiyarsu a ƙasa, shot ɗin yana kawo babbar kwarara, amma rabi kawai ake rasawa, ɗaya ɓarin ya ci gaba ta wayar dawowa. Tsarin megawat 2,000 a kan kilobolt 525 da kamfanin layukan wuta na TenneT ya ɗauka don Tekun Arewa a Turai irin wannan ne, shot a ɓari ɗaya megawat 1,000 yake ɗaukewa.

Ina zaɓin ya faɗa

Tambayoyi biyu ne ke yanke hukunci, nawa za a iya rasawa, kuma sau nawa. Tasha biyu ko uku a kan kebul, jimilla ƙasa da iyakar layin AC: birekar AC, a bar fili a tashar haɗi don birekar DC ta gaba. Dogon layin sama mai tashoshi kaɗan a jere, inda shot ke yawan zuwa amma yawancinsa mai wucewa ne: cikakkiyar gada ko gauraye, domin sake tayarwa cikin sauri shi ne abin da ake saye. Zobe ko raga mai ɗauke da fiye da abin da za a iya rasawa ko da na ƙiftawar ido: birekar DC a kowane bakin layi, da riyakta da rile mai auna igiya.

Akwai matsakaiciyar hanya da ta fi dacewa da yadda ake gina abubuwa a zahiri, kaɗan-kaɗan. A raba tsarin yanki-yanki, kowane yanki bai wuce iyakar asara ba, a saka birekar DC a mahaɗarsu kawai. Gonakin iska uku masu megawat 2,000 kowace, idan aka haɗa su ba bireka, shot ɗaya tsakanin ɓari biyu zai ɗauke 6,000, ninki biyu na iyakar tsakiyar Turai. Bireka a kan wayoyin da suka haɗa su takan raba su cikin 'yan milisakan, yankin da abin ya shafa ya mutu ta birekar AC, sauran biyun su tsira. Rile a nan ma aikinsa ya yi sauƙi, fuska kawai zai tantance.

Wanda ya zaɓi bireka a layin sama ya ƙara duba zancen sake rufewa. Bayan yankewar farko ana jiran milisakan 200 zuwa 300, a rufe, idan shot ɗin yana nan a sake yankewa, kuma aresta ba ta huce ba a wannan ɗan tsakani, don haka dole ta iya shan kashi biyu a jere. A kebul ba a sake rufewa sam, tun da rufin da ya huje ba ya warkewa. Layin da ya haɗa sama da kebul yana buƙatar ma'aunin kwarara a mahaɗar, don rile ya san a wane sashe abin ya afku kafin ya ba da izinin rufewa.